Babur Na Farko: Wanne Ya Dace Da Ɗan Koyo?

(Laccar da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai isa a tara mutane a jami'a dominsa ba, watau babur. Ni kuwa ina ganin ya isa, har da saura. Da yawa daga cikinku nan da shekara ɗaya ko biyu za ku gama, ku yi bautar ƙasa, ku kama aiki, kuma babbar kadara ta farko da yawancinku za su mallaka da guminsu ita ce babur. Haka abin yake tun zamanin iyayenmu. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, tare da kuɗin baya, ƙananan ma'aikata da yawa kantin babur suka fara nufa kafin su je ko'ina. To, kuɗin da mutum ya yi wata da watanni yana tarawa, da ƙashin jikinsa wanda ba a sayar da irinsa a kasuwa, duka biyu ya ɗora su a kan zaɓi guda. Ya kamata a zauna a yi shawara.

Abin da zan faɗa yau guda ɗaya ne, sauran duk bayaninsa ne. Babur na farko na koyo ne, don haka a auna shi da jikin mai hawa, da hanyar da zai riƙa bi, da bakaniken garin da zai zauna. Abin da abokai za su ce ba ya cikin ma'aunin.

Mu fara da girman inji, domin nan ne samari suka fi ruɗuwa. Za ku ga an rubuta 100, ko 125, ko 200 a jikin babur, ana cewa si-si. Wannan lamba faɗin wurin da fistin ke sharewa ne a cikin silinda yayin da yake kai da kawo. Si-si dubu shi ne lita ɗaya, watau injin 100 cikinsa bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Duk da haka yana ɗaukar magidanci da buhun masara ya haura tudu da su. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin da ke amsawa idan an murɗa totur, kuma a nan matsalar ɗan koyo take. Hannunsa bai saba ba tukuna. Ranar da akuya ta gifta masa, ko yaro ya faɗo titi a guje, firgita kan sa ya danƙe abin da ke hannunsa, abin da ke hannunsa na dama kuwa totur ne. Ƙaramin inji zai yi gurnani ya ɗan zabura, ya ba shi damar gyarawa. Babba kuwa kafin ya ankara ya kai shi jikin katanga. A Ingila, a 1983, hukuma ta rage girman babur ɗin da aka yarda ɗan koyo ya hau daga si-si 250 zuwa 125, saboda yawan samarin da ke hallaka. Su da titunansu ke shimfiɗe, da fitilu da alamu, sun ga 250 ya yi wa ɗan koyo yawa. Ina ga mu? Shawarata a tsaya tsakanin 100 da 125.

Akwai wani ɗan lissafi da nake so 'yan sashen kimiyya su tabbatar wa 'yan'uwansu bayan an tashi. Mai tafiyar kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In ya ninka gudun, tazarar da birki ke bukata kafin ya tsaya ba sau biyu za ta ninka ba, sau huɗu ne. Babur ɗin da ke kai kilomita 140 a awa, abin da aka sayar maka a cikinsa gudu ne wanda ba ka da filin tsayar da shi tsakanin Samaru da Kongo a Zariya, ko tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa a Kano.

Sa'an nan nauyi da tsawo. Wannan ba ya bukatar ilmin kowa, gwaji ne na minti biyu a gaban mai kanti. Hau ka zauna, ka sauke ƙafafunka. In tafin ƙafarka biyu ba su taka ƙasa sosai ba, sai ɗage kake yi da 'yan yatsu, sauka ka nemi wani. Sa'an nan ka sauko ka tura shi gaba da baya, ka juya shi, ka ɗora shi a kan tsayuwarsa ta tsakiya. Ƙananan babura nauyinsu yana wajen kilo 100, ko sama da haka kaɗan, manya kuwa suna kusan ninka wannan. Ka tuna za ka shigar da shi soro kowane dare, ka haura da shi dakali, wata rana kuma mai zai ƙare maka ka tura shi zuwa gidan mai da rana tsaka. Wata rana zai faɗi ma, domin na kowa yana faɗuwa, kuma ba kullum ne akwai mai taya ka ɗagawa ba.

Yanzu sai iri. Wanda muke kira roba-roba, mai buɗaɗɗen tsakiya da garkuwar roba a gaban gwiwa, asalinsa Honda Super Cub ne, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958. Zuwa 2017 kamfanin ya ƙera miliyan 100 na wannan iri, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa yi, kuma yawancin na ƙasar Sin da ke kasuwanninmu tsarinsa suka bi. Sirrinsa shi ne ba shi da kuloci a hannu. Ka saki totur, ka taka giya, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa koya wa wani babur ya san rabin wahalar makon farko ta sakin kuloci ce: a saki da sauri inji ya mutu a tsakiyar mahaɗa, ko babur ya yi tsalle. Da an ɗauke wa ɗan koyo wannan, idonsa da hankalinsa sai su koma kan titi. Ga wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce, daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa kasuwa, ban san abin da ya fi shi ba. Na san wasu samari na yi masa kallon babur ɗin dattawa da mata. To, su yi ta kallo. Dattawan da ke hawansa sun kai ga tsufa ne da ƙafafunsu biyu.

Amma wanda aka tura ƙauye, malamin makaranta ko malamin gona ko ma'aikacin asibiti, wanda zai riƙa bin burji da yashi da kwazazzabo da damina, bukatarsa dabam ce. Shi yana son mai tanki a gaba, mai kuloci, mai tsawo daga ƙasa da ƙarfin shakazoba, irin su Bajaj Boxer na Indiya da takwarorinsa. Kada ku raina shaidar 'yan acaɓa a nan. Mutumin da ke wuni a kan babur yana ci da iyalinsa da shi ba ya zaɓen abin da zai kwana a gareji.

Akwai labarin da ya dace a sani game da wannan rukuni. A shekarun 1970 injiniyoyin Honda sun zaga wasu ƙasashen Asiya don su ga yadda talakawa ke amfani da baburansu. Suka tarar ana lafta musu kaya da mutane, ba a juye baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a zuwa wurin bakanike sai inji ya tsaya cik. Maimakon su tsaya yi wa mutane wa'azi, sai suka koma suka ƙera inji mai sauƙin tsari wanda zai jure wannan sakaci, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Shi ne CG125, wanda ya fito a 1975, kuma har yau ana kwaikwayon injinsa. Irin wannan juriya ce ya kamata mai zuwa ƙauye ya nema, ba kyan fenti ba.

Vespa, wadda Italiya ta fara yi a 1946, ta yi zamaninta a garuruwanmu, kuma tana kare riga daga ƙura da taɓo. Sai dai tayarta ƙarama ce, inci 10, alhali ta sauran inci 17 ce ko 18. Babbar taya tana haye ramin da ƙarama ke faɗawa ciki, kuma a yashi ƙaramar taya ba ta da amana. Su kuma masu ƙona baƙin mai tare da fetur, masu hayaƙi da ƙara, suna da zafin nama da sauƙin gyara, amma sun fi shan mai, kuma ranar da aka manta da nasu man na musamman inji ya kama. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, shan mai ya zama abin da mai ƙaramin albashi zai fara tambaya. Ƙaramin babur mai lafiya yana yin kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya, wani ma ya fi.

Na ce a auna da bakanike, kuma da gaske nake. Kafin ka je kanti, je ka zauna rabin awa a inuwar mai gyaran babur na unguwarku, ko na garin da aka tura ka. Dubi irin da ya fi yawa a gabansa, ka tambaye shi wanne ne kayansa ke samuwa a shagon da ke kusa, wanne ne sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ma Nnewi. Babur ɗin da babu irinsa a gari abin sha'awa ne har ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa. Daga ranar ya zama abin shanya tufafi a tsakar gida.

Sabo ko na hannu? In aljihu ya isa, sabo ya fi kwanciyar rai, da sharaɗin a lallaɓa shi a kilomita dubu na farko, a juye masa baƙin mai da wuri yadda littafinsa ya ce. Na hannu kuma ba laifi ba ne, har yana da wata fa'ida, domin faɗuwar farko ba za ta ƙona maka rai sosai ba. Amma kada a yi wa rogo kallon kitse. Tafi da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba. Ku je da sassafe, ku taɓa inji ku tabbata da sanyinsa kafin a tayar, gama injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi daga salansar babur ɗin da ba a haɗa masa mai alama ce ringi sun cinye. Ku duba haƙoran da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun lanƙwashe aikinsu ya ƙare. Ku tsaya a gabansa ku ga ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, domin wanda ya taɓa yin mummunan karo ba ya komawa daidai. Abin da ya fi duk waɗannan: lambar inji da lambar jiki su dace da abin da ke rubuce a rasit, a kuma yi ciniki gaban shaidu da takarda. Satar babur ta yi yawa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis, ko da kuɗinsa ya saya. Ma'aikacin gwamnati kuwa ba kwanan kaɗai zai yi asara ba.

Kada kuɗin ya ƙare ƙaf a kan babur. A ware na lamba, da inshora, da lasin tuƙi, wanda na babur shi ne rukunin A, da makulli mai ƙarfi, da hular kwano. Na san hular kwano abin dariya ce a wurin wasunmu. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a ka, jaridun duniya suka ɗauka. Amma binciken likitoci da aka tattara a 2008 ya nuna hular na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuwa da kusan kashi 69. Kai da ka yi shekara huɗu kana zuba ilmi a cikin wannan kai, da kuɗin iyayenka, ban ga dalilin da za ka bar shi a buɗe ba. A sayi mai kauri wadda ta kama kai daidai, a kuma ɗaure igiyarta, domin wadda ba a ɗaure ba ita ke riga mai ita isa ƙasa.

A bincika dokar jihar da za a zauna kuma. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Kaduna kuma a 2021 ta hana hawan babur na wani lokaci saboda tsaro. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, a tambaya kafin a biya kuɗi.

Akwai abin da masu ƙera babur a Japan da Indiya ba su yi lissafi da shi sosai ba, shi ne suturarmu. Babbar riga, da zane, da dogon hijabi, iska na kaɗa su zuwa baya, inda sarƙa da wayoyin taya ke juyawa. In suka kama gefen tufa, nannaɗewa suke yi su fizgo mai ita ƙasa, wani lokaci ta wuya. Don haka a zaɓi babur mai rufaffiyar sarƙa, kada kuma a bar bakanike ya cire murfin ya jefar don ya huta da kwancewa. A tattare riga a zauna a kanta kafin a tayar. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu mata ƙwarai, masu tuƙi da waɗanda ake goyawa.

In an kawo babur gida, kada a fara da titi. A nemi fili, irin na ƙwallo ko na idi, a yi kwanaki ana tashi da tsayawa da kwana. A koyi birkin gaba musamman. Mutanenmu suna tsoronsa, suna cewa yana kifar da mutum, har wasu na barinsa ya lalace, alhali kuwa mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake, domin nauyi can yake komawa idan an taka birki. Matsa shi ake yi a hankali, tare da na baya, ba fizga ba, kuma a sassauta masa a kan yashi ko a cikin kwana. Goyo kuwa a jinkirta shi wata biyu ko uku, ko da abokin ɗaki zai yi fushi, gama nauyin mutum na biyu yana sauya yadda babur ke juyawa da yadda yake tsayawa.

Shugaba, na ga ana miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Nan zan dakata, mai tambaya ya yi.