Lambar da ke bisa kan bulon

Jawabin da mushen lakwal na garinmu ya yi gaban taron ƙungiya bayan girbi. Mun buga shi domin ƴan uwa da ke nesa.

Kun sani ni ba makanisiye ba ne, aikina alli da allo. Abin da ya sami ɗan kawuna cikin damanar bana shi ya sa na roƙi a ba ni magana.

Ya biyo hanyar Barmu za shi Tawa ran Lahadi, ranar kasuwa, bisa moton da wansa ya aiko kuɗinta daga Abijan. Wurin gangaren wata ƙorama ya miƙe tsaye bisa matakan ƙafa, kamar yadda kowa ke yi in ya ga duwatsu. Sai sandar matakan ta saki ta gefen dama. Ƙafarsa ta caki ƙasa, ƙashin ƙauri ya karye. Ku tuna birkin baya a wannan gefen yake, wanda matakin dama ya kuɓuce ma ba ya da abin taka birki. Wata ukku bai riƙe hauya ba, gonarsa sai gayya aka yi mata.

Da aka kawo moton gida na duƙa ƙarƙashinta na tsinto guntayen bulon biyu. Ga su nan, a miƙa ma dattawa su duba. Ɗaya ba komi bisa kansa. Ɗayan an rubuta 4.6. Na asali sun zube tun bara, aka sa mashi waɗanga a bakin hanya, dala ashirin ashirin.

Wagga lamba ba ado ba ce. Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna ISO, wadda aka kafa a 1947, mazauninta Janeba cikin ƙasar Suwis. Ita ta tsara yadda masu ƙera bulon za su rubuta ƙarfinsa bisa kansa: 4.6, 5.8, 8.8, 10.9, 12.9. Lambar farko tana faɗin nauyin da zai tsinke shi. Ta biyu tana faɗin inda zai fara miƙewa ba ya komawa yadda yake: 6 na nufin kashi 60 cikin ɗari na wancan nauyi, 8 kashi 80, 9 kashi 90.

Ku yi mani haƙuri, halin mushe ne, sai na yi lissafi. Mu ɗauki bulon mai kaurin milimita 8, irin wanda ke riƙe sandar matakai ga yawancin ƙananan motocinmu. In 4.6 ne, kusan tan 1 da rabi ke tsinke shi, watau buhu 15 na kilo ɗari, amma tun wajen kilo 900 ya fara miƙewa. In 8.8 ne, sai an kai kusan tan 3, kuma ba ya fara miƙewa sai an wuce tan 2. Mai 10.9 yana kusan tan 4. Da ido dukansu ɗaya ne, kauri ɗaya, tsawo ɗaya. Bambancin yana cikin irin ƙarfen da wutar da aka ba shi a masana'anta, kamar yadda maƙeri ke ba gatari ruwa.

Na ga Baba yana murmushi, na san tambayarsa: wane ne cikinmu ya kai tan guda da har zai tsinke ƙarfe? Gaskiya ne, Baba, babu. Amma mataki yana nesa da bulon, nauyin mutum yana ninkuwa kafin ya iso gare shi, kamar yadda yaro ke ɗaga dutse da doguwar sanda. Kuma ba dukan farko ke karya shi ba. Ku ɗauki waya ku lanƙwasa ta gaba da baya, gaba da baya, a ƙarshe ta katse ba wuƙa. In an bar gudron Tawa zuwa Arlit, wanda aka shimfiɗa ƙarshen shekarun 1970, hanyoyinmu na Afala, Takanamat da Barmu jar ƙasa ce da tsakuwa da dutsen Adar. Kowane rami lanƙwasa guda ce. Bulon da aka ɗaure tam ba ya jin wagga lanƙwasa sosai, wanda ya yi sako-sako shi ke shan ta duka. To 4.6 ba ya karɓar ɗauri mai ƙarfi: ka matsa shi ya miƙe, ka bar shi ya saki. Mai 8.8 yana karɓar ɗaurin da ya ninka nasa fiye da sau biyu. Ga mafi yawan motocin nan ma jikin wannan sanda aka liƙa ƙafar jingina moto, duk tsayawa sai ta ja bulon.

Yanzu ga samarinmu na kabu-kabu, waɗanda za su ce tun da haka ne a ba su 12.9, babban duka. A'a, ƙannena. Ƙarfen da ya cika tauri ba ya yin gargaɗi. Mai 8.8 yakan lanƙwashe ka gan shi ka canza, mai 12.9 in tsatsa ta kama shi yana iya ɓallewa lokaci guda. Abu na biyu ya fi wannan tsada. Ku leƙa ƙarƙashin motocinku: ga da yawa, bulon huɗu na sandar matakai cikin jikin injin suke shiga, jikin injin kuwa alminiyam ne, irin ƙarfen tukwanen da ake zubawa a kasuwa. Mai taushi ne. In ka sa bulon mai tauri ka hau kile da ƙafa, bulon ba zai ji komi ba, haƙoran cikin injin ne za su zube. Ka tsere ma asarar dala ashirin ka faɗa ta jikkuna. Domin haka 8.8 ya ishe mu. Inda masu moton suka sa 10.9 tun daga masana'anta, a mayar da 10.9, kar a sauko ƙasa. In wurin mai ekuru ne, abin da ƴan Najeriya ke ce ma noti, shi ma yana da lamba: 8 ke tafiya da 8.8, 10 da 10.9.

Ɗaurin da ya dace da bulon 8.8 mai milimita 8 bai wuce kamar ka rataya kilo 10 a bakin kile mai tsawon santimita 25 ba. Ƙarfin hannu ne, ba na ƙafa ba, kuma ba a ƙara ma kile bututu.

Ku da ke sayowa daga waje, kar ku sayi bulon da sunan kile. Mai milimita 8 na motocin Japan, da mafi yawan na Sin da suka bi tsarinsu, kile 12 ke kama kansa, na Turai kuwa kile 13, alhali jikinsu ɗaya. Ga mai milimita 10 har haƙoran kan bambanta, akwai na 1,25 akwai na 1,5. Ku tafi da tsohon a aljihu a gwada, tsawon ma ya zama ɗaya, domin wanda ya cika tsawo yana iya tokare gindin rami ya fasa injin. Bulon ya fara shiga da yatsu. In tun farko sai da kile, ba nasa ba ne. Wanda ke da zane ukku ko shida bisa kai maimakon lamba, na Amurka ne, awonsa na inci ne, ba ya shiga namu. Farin nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, mai A2-70, kyau gare shi amma bai kai 8.8 ba.

Mai walda ma abokinmu ne, amma kar a bari ya ɗiga wuta bisa kan bulon wai don kar ya kwance. Zafi yana kashe taurin da aka ba ƙarfen, lambar tana nan ƙarfin ya tafi. Haka wanda ya lanƙwashe aka miƙe da guduma, a jefar da shi. Ban ɓoye maku ba, akwai na jabu masu lamba bisa kai. Na kirki yakan zo da alamar maƙerinsa kusa da lambar, rubutun a fili. Ku sayi wurin mai shagon da za ku iya komawa gobe ku yi magana.

Ga roƙona ga ƙungiya. Motocin nan su ke kai mai naƙuda likita da dare, su ke kai iyayenmu ta'aziyya. A fitar da kaɗan cikin asusu a sayo kwali guda na bulon 8.8, masu milimita 8 da 10, da ekuru da rondel, a ajiye hannun ma'aji, mai bukata ya biya kuɗin saye. Ƴan uwa na Abijan da Legas, in kuna aiko kuɗin moto, ku sa wagga magana cikin saƙon. Ni kuma duk ran Asabar da hantsi ina bakin lakwal da kile 12 da 13, wanda zai tafi kasuwar Tawa gobe ya biyo mu duƙa tare mu karanta. Allah shi ba ɗan kawuna da sauran marasa lafiya sauƙi.