Auna Kwandansa Ga Amfilifaya Ƙirar Gida



Duk wanda ya zaga ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, ya san matsayin lasifika: da ita ladan ke kiran salla, da ita malami ke tafsiri da azumi, da ita mai magani ke talla ran kasuwa. Wasu daga cikin amfilifayoyin nan makanikan rediyo ne ke harhaɗa su. Ciwon da ya fi damun irinsu shi ne gurnanin da ke bin bayan murya har ya danne ta, sahun baya su tashi ba su ji huɗuba ba. Sau da yawa tushensa ƙarancin kwandansa ne.

Wutar ƙasar nan, mai bolt 230, kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa, alhali amfilifaya wuta miƙaƙƙiya take bukata. Taransifoma kan rage ƙarfinta, diyod huɗu su juyar da ita fuska ɗaya, amma duk da haka tudu-tudu take zuwa, sau 100 a daƙiƙa. Kwandansa kuwa rumbu ce: ta cika da kaka, ta ciyar da gida da bazara. In rumbun ya yi ƙanƙanta, sai ya yi ƙasa ainun kafin wata kaka, wannan hawa da saukar ne kunne ke ji gurnani.

To, ga lissafin. A ninka amfiya da amfilifaya ke ja da tazarar da ke tsakanin tudu biyu, watau kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sa'an nan a raba da faɗuwar bolt da aka yarda da ita. Misali, tana jan amfiya 2, an yarda wuta ta faɗi da bolt 2. Amfiya 2 sau 0.01 ya ba da 0.02, a raba da 2, a sami farad 0.01, watau maikurofarad 10,000. Wanda ya yi tsimi ya sa diyod ɗaya, tazararsa ta ninku, sai ya nemi 20,000.

Abu na biyu, adadin bolt da ke rubuce a jikinta. Taransifoma mai ba da bolt 24, ƙololuwar tudunsa takan kai 24 sau 1.4, kusan 34. Kwandansa mai bolt 35 a bakin rijiya take, musamman inda aka dogara da ƙaramin janareta mai fizgar wuta. A sayi mai 50.

Na uku, zafi. Ƙa'idar masu ƙira ita ce, ƙarin digiri 10 na zafi yakan rage rabin kwananta. Saboda zafin bazararmu, a zaɓi mai lambar digiri 105 a kan mai 85, a kuma nisanta ta da taransifoma.

Kada a ce tun da haka ne a cika ta fiye da kima. Kwandansar da ta wuce misali takan zuƙi wuta da yawa lokacin kunnawa, ta ƙone fis, ta gasa diyod. In kuma aka juya ƙafafunta, fashewa take yi. Tana riƙe wuta ko bayan an kashe, don haka a zuƙe ta da razista kafin a sa hannu ciki.

Kirana ga ɗalibai, ku kai wa makanikan garuruwanku wannan ɗan lissafi. Ma'aikatan da ke sayo wa makarantu da masallatai kayan sauti kuma, ku riƙa tambayar lambobin nan uku kafin ku biya.