Tashar Kaya ta Funtua da Ɓarawon da ba ya Haura Katanga



A watan Mayun 2024 aka ƙaddamar da tashar kaya ta kan tudu a Funtua. Manomanmu na auduga da waken suya sun yi murna, domin kayan da za su ƙetare teku ana iya kammala musu aikin kwastan kusa da gida. Sai dai irin wannan tasha ba da takardun kabad take aiki ba. Lambar kwantena, da sunan mai ita, da izinin fitarta, duk kwamfuta ke riƙe da su, ita kuwa tana haɗe da intanet.

A Yulin 2021 masu kutse suka shiga na'urorin Transnet, kamfanin da ke gudanar da tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Kudu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a harba bindiga ba, amma aikin kwantena ya tsaya a Durban har aka koma rubutu da hannu, manyan motoci suka yi ta jira. Kafin nan, a 2017, irin wannan hari ya jawo wa kamfanin Maersk asarar kusan dala miliyan 300.

Doka kam muna da ita. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma a shekarar ce Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin kare muhimman na'urorin bayanai na ƙasa, har da na sufuri. To amma mu da muka riƙe makaranta mun sani, takardar jarrabawa ba ta fita don rashin doka, sai don mabuɗin kabad yana yawo a hannun mutum biyar, ba a san wanda za a tuhuma ba.

Saboda haka tambayoyina na tsohon hedimasta ne. Wa ke riƙe da lambar sirri? Idan ma'aikaci ya bar aiki, ana canja ta? An ajiye kwafin bayanan a wani wuri dabam? Wane sufeto ke zuwa ya duba, kuma wa yake kai wa rahoto?

Muna da 'ya'ya masu ilmin kwamfuta a bankuna da kamfanonin sadarwa. Ina roƙon ƙungiya ta zaɓi uku daga cikinsu, su ziyarci masu gudanar da tashar cikin ladabi da waɗannan tambayoyi, su kawo mana amsa a taron baɗi, in Allah ya kai mu.