Jawabi a Kan Zaɓen Wasanni ga Yara Masu Farfaɗiya da Makamantanta

An shirya wannan jawabi ne domin iyaye, da malaman makarantun firamare da na Islamiyya, da masu unguwanni na Yankin Babban Birnin Tarayya, tun daga Abaji da Kwali har zuwa Bwari. Abin da ya ƙunsa kuwa shi ne maganar yaron da ke fama da wata cuta ta ƙwaƙwalwa ko ta jijiyoyi, musamman farfaɗiya: wane wasa za a sake masa ya yi, wane ne za a sa masa ido a kai, wane ne kuma za a hana shi.

Sanin kowa ne cewa da zarar yaro ya faɗi sau ɗaya a gaban jama'a, daga ran nan an raba shi da filin wasa ke nan. A gida uwa ta hana shi ƙetare zaure. A makaranta, in an fita motsa jiki, sai malam ya zaunar da shi a gindin bishiya ya ce ya yi gadin jakunkuna da takalman 'yan ajinsu. Ba mugunta ce ke kawo wannan ba, tsoro ne da tausayi. Amma tausayin yakan zama cuta ta biyu. Yaron da aka killace jikinsa yakan yi rauni, ya rasa abokai, ya taso yana jin shi ba kamar sauran yara ba ne, kuma sau da yawa wannan ƙunci ya fi faɗuwar kanta daɗewa tare da shi. Akwai kuma camfin da ke cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓa mai ita. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Babu yaron da zai kamu domin ya yi kokawa da mai farfaɗiya, ko domin sun sha ruwa da moɗa ɗaya.

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, watau saƙonnin da ke gudana a cikinta su rikice na ɗan lokaci, sa'an nan su koma daidai. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta ga yara a ƙasar nan akwai doguwar naƙuda, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa, da buguwa a ka. A wasu yaran kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gane cutar an kuma ba su maganin da ya dace. Ita dai wannan hukuma, a cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na kimanin minti 60 kowace rana, kuma ba ta ware yara masu naƙasa daga wannan ba. Ba safai gudu ko tsalle ke tayar da farfaɗiya ba. Abubuwan da suka fi tayar da ita su ne tsallake shan magani, da rashin isasshen barci, da zazzaɓi.

To, ta yaya za a zaɓa? Akwai tambaya guda wadda in uba ko malami ya riƙe ta, za ta raba masa gardama a kusan kowane wasa: in ciwon ya taso wa yaron nan a daidai lokacin da yake cikin wannan abu, me zai same shi? In amsar ita ce zai faɗi a kan yashi ko ciyawa, ya ɗan ƙuje gwiwa, to wasan ba shi da laifi. In kuwa amsar ita ce zai nutse, ko ya faɗo daga sama, ko ya faɗa wuta, ko ya faɗi a gaban mota, to a nan ne za a tsaya a yi tunani. A kan wannan ma'auni ne Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta kasa wasanni kashi uku a cikin rahotonta na shekarar 2016: waɗanda ba su da wani ƙarin haɗari, da masu matsakaicin haɗari ga mai cutar, da masu babban haɗari gare shi, wani lokaci har da mutanen da ke kusa da shi.

Kashi na farko shi ya fi yawa, kuma abin farin ciki shi ne a cikinsa mafi yawan wasannin makaranta suke: ƙwallon ƙafa, da ƙwallon kwando, da ƙwallon raga, da tseren gudu, da rawa, har ma da kokawa. In aka ɗora wasannin gargajiya a kan ma'aunin nan, za a ga langa, da 'yar ɓuya, da tsallen igiya, da 'yar gala-gala, da carafke duk a nan suka faɗo, muddin filin ba shi da duwatsu ko fasassun kwalabe, kuma ba a bakin titi ko kusa da murhu yake ba. Yaron da ke zaune a Nyanya ko Kubwa ba ya bukatar a kai shi Babban Filin Wasa na Moshood Abiola kafin ya sami rabonsa. Filin makarantarsu ya wadatar.

Ruwa shi ne babban abin tsoro, kuma a kansa ya kamata a daɗe. Wani bincike da aka buga a shekarar 2008 ya nuna cewa haɗarin mutuwa ta nutsewa ga mai farfaɗiya ya ninka na sauran mutane sau 15 zuwa 19. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ciwon ya kama a cikin ruwa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, sai dai kawai a neme shi a rasa. Gwanintar iyo ba ta tsirar da shi, gama a lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Ruwa kaɗan ma, wanda bai kai gwiwa ba, ya isa ya halaka shi in ya faɗi rubda ciki.

Yankin Abuja kuwa yana da ruwaye masu jan hankalin yara. Akwai Tafkin Jabi a tsakiyar gari, da madatsar ruwa ta Usuma wajen Ushafa, da tsohon ramin fasa dutse na Mpape wanda ruwa ya cika, da kogin Usuma da ya ratsa ta Gwagwalada. Ban da waɗannan, da damina ta sauka sai kududdufai da ramukan gini da manyan magudanan ruwa su cika a kowace unguwa. Duk waɗannan ba wurin iyon yaro mai farfaɗiya ba ne, ko da manya suna tare da shi, domin ruwan ba a ganin ƙasansa. In ya nutse ba a san inda za a lalubo shi ba. In za a shiga kwalekwale da shi, tilas ne a sa masa rigar hana nutsewa tun daga bakin gaɓa. Iyo a wurin ninƙaya ginanne mai ruwa garau yana yiwuwa, in likita ya yarda, bisa sharaɗin a sami babban mutum guda wanda ya iya ruwa, ya san da cutar, kuma ba shi da wani aiki sai kallon wannan yaro kaɗai. Kallon taron yara goma ba kallo ba ne. Har ila yau kada a manta da ruwan cikin gida: a rufe rijiya da tanki, kada a aiki yaron ɗebo ruwa a rafi ko rijiya shi kaɗai, in zai yi wanka ya yi da bokiti da moɗa maimakon zama cikin baho, kuma kada ya kulle ƙofar banɗaki ta ciki.

Bayan ruwa sai tsawo. Lokacin mangwaro kowane yaro kansa a sama yake, kuma ba abin da ya fi wuya ga iyaye kamar hana ɗan shekara goma hawa bishiya alhali abokansa suna can bisa reshe. Duk da haka, yaron da ciwonsa bai lafa ba ba zai hau bishiya ba, ko katanga, ko ginin da ba a gama ba, ko duwatsun da suka kewaye garin nan. A ba shi gora ya kaɗo daga ƙasa, ai shi ma aiki ne. Hawan keke yana cikin kashi na biyu: da hular kwano, a cikin gida ko filin makaranta ko wurin shaƙatawa, tare da wani babba, ba a kan titin da motoci ke gudu ba. Dambe ma a nan yake saboda bugun kai, haka nan hawan doki. Sukuwa da tseren babur da nutso cikin ruwa mai zurfi kuwa suna cikin kashi na uku.

Ba a yanke wa yaro hukunci ɗaya har abada. Rahoton da aka ambata ya nuna cewa wanda ya yi wata goma sha biyu cur bai faɗi ba, ana iya buɗe masa ƙofar sauran wasannin bisa shawarar likitansa. Kuma farfaɗiya iri-iri ce. Wani cikin barci kaɗai take zo masa. Wani yakan ji alama kafin ta zo, har ya sami damar zama. Wani kuwa ba ya faɗuwa ma, sai dai ya yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka abin da aka yardar wa ɗan maƙwabci ba lalle ne ya dace da kowa ba. In likita ya canza magani ko yana rage shi, a ƙara sa ido har a ga yadda jiki ya karɓa. Wasu magungunan sukan sa jin barci ko jiri, wannan ma abin faɗa wa likita ne, ba dalilin daina sha ba. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta, a mai da wasa da sassafe ko bayan la'asar, a kuma tabbata yaro ya ci abinci ya sha ruwa.

In ciwon ya taso a fili, abin da ake bukata daga malami shi ne natsuwa. Ya janye duk abin da zai ji wa yaron rauni, ya sa masa riga ko wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, ya duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kanga ƙafarsa a wuta ko a turara masa hayaƙi. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokalin ne ke karya haƙora. Da jijjigar ta tsaya sai a kwantar da shi a gefe ɗaya domin yawu ya fita, a zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa, a kuma kori 'yan kallo, gama kunyar farkawa a tsakiyar taro tana daga cikin abin da ke sa yaro ya ƙi komawa fili. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji mummunan rauni, ko abin ya faru a cikin ruwa, to a garzaya da shi asibiti, ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Akwai kuma yaran da matsalarsu ta gaɓoɓi ce. Wasu raunin ƙwaƙwalwa tun wajen haihuwa, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ya bar su da sandarewar hannu ko ƙafa. Waɗannan zama wuri ɗaya ne ke ƙara ɗaure musu gaɓoɓi, don haka jifan ƙwallo da cafewa, da tura ta da ƙafa, da miƙe jiki kamar yadda ma'aikatan sashen gashi suka koyar, duk magani ne. Domin irinsu aka tsara wasan bociya, inda ake mirgina ƙwallo daga kan keke zuwa ga wata farar ƙwallo, kuma tun 1984 yake cikin wasannin naƙasassu na duniya. Da yawa daga cikinsu suna da farfaɗiya a haɗe, to dokar ruwa da tsawo ta hau kansu. Yaron da aka sa wa bututu a ka domin rage ruwa, a tambayi likita kafin a sa shi wasan da ake karo da juna.

Game da shan inna, an tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya da nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta shanye wa ƙafafu suna nan, kuma su ne suka nuna wa ƙasar nan abin da mai naƙasa zai iya. A shekarar 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma cutar ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, kuma an sha yin gasarta a Abuja lokacin Ranar Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. Lucy Ejike kuwa ta ciwo wa Nijeriya zinariya a ɗaga nauyi a 2004 da 2008 da 2016.

Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kuma filin wasa wani ɓangare ne na makaranta. Amma malami ba zai kiyaye abin da aka ɓoye masa ba. Wajibi ne iyaye su sanar da shugaban makaranta da malamin wasanni irin ciwon, da alamunsa, da lambar wayar da za a kira. Masu neman shawara za su iya farawa daga asibitin da ke kusa da su, daga nan a tura su sashen yara na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ranar zuwa a tafi da kwalin maganin, da takardar da aka rubuta ranakun faɗuwa da tsawon kowace, da sunayen wasannin da yaron da kansa ya ce yana so.