Tsamin Nono Ba Ya Maye Gurbin Wuta

Jawabin da sashenmu na kiwon lafiya ya gabatar wa masu aikin sa kai, matan zumunta da masu sana'ar nono daga yankunan Anka, Gummi da Bukkuyum.

   

Maganarmu ta yau a kan madara ce da nono. Da muka faɗi haka ga wata uwa a bakin ƙofa, dariya ta yi, ta ce, "'Ya'yana, ku ne za ku koya mini nono?" Tana da gaskiya. Ba mu zo koya wa kowa tatsa ko burka ba. A ƙasar nan, inda nama ya yi tsada, ƙwai kuma sai an sayar a sayi gishiri, ƙwaryar nono ita ce abin gina jiki da ya fi kusa da bakin yaron talaka. Ita ce kuma jarin mata da yawa, wasunsu ma ragowar shanu biyu ko uku ke gare su bayan abin da rashin tsaro ya cinye. Saniyarmu ta gida, Bunaji ce ko Bokolo, abin da ake samu a wurinta a rana bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba. Abin da bai da yawa haka bai kamata ya zama sanadin kai yaro asibiti ba. Wannan ne kawai ya kawo mu.

Bari mu fara da wani abu da ya faru a idonmu. A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane sun lura agwagi suna ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Bayan haka yara suka fara suma da farfaɗiya suna mutuwa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shigo aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a wurare irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Yara kimanin 400 muka rasa. Mun tuno da wannan ne saboda dabbobi sun riga mu jin ciwon, mu ne ba mu karanta saƙon ba. A harkar madara ma haka abin yake. Sau da yawa saniya tana faɗa mana akwai matsala tun kafin ta iso kanmu.

Ga misali. Saniya ta yi ɓari cikin watannin ƙarshe na cikinta, ko ta haihu mabiyiya ta ƙi faɗuwa, ko a ga gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. Makiyaya sun san wannan, suna kiransa bakkale. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙwayar wannan cuta tana fita a cikin madara, kuma tana kama mutum. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya ya dawo, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi, da kasala wadda ba ta ƙarewa. Wa zai ce nono ne? Sai a ce maleriya ce, a sha magani. Ta dawo, a ce taifot ce, a sake kashe kuɗi. Alhali maganinta na daban ne, iri biyu ake haɗawa, a sha har mako shida. Wani likitan sojan Ingila mai suna David Bruce ne ya gano ƙwayar a tsibirin Malta a 1887, amma sai a 1905 aka gane cewa daga ɗanyar madarar awaki sojoji ke ɗaukar ta. Da aka hana su shan ta ɗanya, cutar ta kusan ɓacewa daga barikinsu. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, hanya kawai aka toshe.

Akwai kuma tarin fuka na shanu. Saniyar da ke rama tana tari ba ta warkewa tana iya zuba ƙwayar a madararta, kuma a jikin yara ta kan fito ne a matsayin kaluluwa a wuya wadda ba ta sauka. Duk wanda ya ga haka a jikin ɗansa ya kai shi asibiti. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware dominsa. Sai ciwon hantsa, wanda kowace mai tatsa ta sani: hantsar ta yi zafi ta kumbura, madara ta fito da gudaji ko da jini. Wannan madara ba ta sha ba ce, ba ta sayarwa ba ce, ko an tafasa, domin wasu ƙwayoyin suna barin dafi wanda wuta ba ta karya shi.

To amma, 'yan'uwa, mu faɗi gaskiya, yawancin ciwon da nono ke kawowa ba daga cikin saniya yake fitowa ba. Madarar lafiyayyar saniya tana fitowa kusan tsab. Daga nan ne muke shiga tsakani. Maraƙi ya tsotsa ya bar yawu. Mai tatsa ya ɗaure ƙafafun saniya da igiyar da ta kwana a ƙasa, bai wanke hannu ba ya kama kan nono. Saniya ta kaɗa wutsiya, busasshen kashi ya faɗa ƙwarya. Ƙuda ya zo ya yi nasa. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, sai dai ƙwayar cuta ba ta buƙatar yawa tun farko. Idan ta sami madara mai ɗumi, tana iya rabuwa biyu duk bayan minti 20. Ku lissafa tare da mu: an yi tatsa ƙarfe bakwai na safe, an iso kasuwa ƙarfe ɗaya na rana. Awa shida ke nan. Ƙwaya guda ɗaya tak za ta iya haura 260,000. Kuma kun san zafin watan Maris da Afrilu a nan, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Ba mu da firji a ruga, ba ma yaudarar kanmu cewa za mu samu gobe.

A nan ne muke so mu daɗe kaɗan, domin nan ne muka fi samun gardama a duk ƙauyen da muka je. Ana ce mana, "Ai ya yi tsami, tsami yana kashe komai." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsami yana rage ƙarfin ƙwayoyi da yawa, shi ya sa nono ya fi ɗanyar madara jure rana, kuma kakanninmu da suka gano haka ba su yi wauta ba. Amma ragewa daban, kashewa daban. Ƙwayar tarin fuka da ta bakkale suna iya yin kwanaki da rai a cikin nono mai tsami. Akwai kuma wata irin ƙwayar da ke zaune a hanjin shanu, ba ta damun saniyar, tsami bai cika yi mata komai ba, amma idan ta shiga cikin ƙaramin yaro tana sa gudawa da jini, wani lokaci har ta taɓa ƙoda. Nonon da ke ɗauke da waɗannan ba ya canza launi, ba ya wari, daɗinsa yana nan. Harshe ba ya iya gane shi.

Abin da ke kashe su wuta ce. Kamfanonin madara suna ɗumama ta zuwa ma'aunin zafi 72 na daƙiƙa 15, ko 63 na rabin awa, hanyar da ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa. Mu ba mu da ma'auni, ba ma kuma buƙatarsa. A tace madara da tsabtataccen ƙyalle, a ɗora a wuta ana juyawa har ta taso ta yi kumfa, a sauke, a rufe, a bar ta ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jurewa. Sannan a zuba ɗan irin nonon jiya mai kyau a rufe da faifai ta kwana. Iyayenmu mata da ke nan suna murmushi, domin sun gane abin da muke kwatantawa: kindirmo ke nan, yadda masu yin sa da yawa suka saba tun da. Ba baƙon abu muka kawo ba. Roƙonmu shi ne wannan tafasawar ta zama ta kowace madara, har da wadda za a cire wa mai a yi nonon talla, har da wadda ake ba yaro da ɗuminta a bakin garke domin ana ganin ta fi ƙarfi.

Mun san abin da za a ce: itace fa? Gaskiya ne. A wurare da dama shiga daji neman itace ya zama sayar da rai, kuma ba za mu tsaya a nan mu ce wa wata uwa ta tura 'yarta jeji saboda jawabinmu ba. Abin da muka ga yana aiki shi ne a ɗora madarar a kan wutar da aka riga aka hura ta ɗumamen safe ko ta kunu, kafin ta mutu. Maƙwabta biyu ko uku kuma suna iya haɗa tukunya. Kara da busasshiyar kashin shanu ma suna tafasa lita biyu.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyin faɗa, wato ruwa. Da rani madara tana ƙaranci, masu saye ba su ragu ba, kuma ba sa yarda a ƙara kuɗin ludayi. Sai a ƙara ruwa, wani lokaci da farin garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Ba mu zo yi wa kowa shari'a ba, kuma laifin ba na mai talla kaɗai ba ne. Mu masu saye da ke taya nono kamar muna taya tsumma muna da namu kason. Amma ku duba abin da ke faruwa. Mace ta yi wahala ta tafasa madararta, ta kashe duk abin da ke ciki, sannan a bakin hanya ta ɗebi ruwan rafi ko na buɗaɗɗiyar rijiya ta zuba. Duk aikin ya koma baya. Haka mai dama fura da ke ɗauraye ludayi da ƙoƙo a ruwa ɗaya tun safe har la'asar. Haka ƙanƙarar da ake jefawa a cikin gari, wadda ba wanda ya san da wane ruwa aka yi ta. Mun ga abin da kwalara ta yi a jihar nan a 2021. Mutanen Gummi kuma ba su manta da ambaliyar 2024 ba, lokacin da ruwa ya shafe gidaje ya haɗa masai da rijiya. A irin wannan lokaci, ruwan da ba za ki ba jaririnki ba, kada ya taɓa ƙwaryar tallanki. In dole ne a sirka, a sirka da ruwan da aka tafasa tun daga gida.

Ƙwaryar kanta a wanke ta da sabulu ko toka da ruwan zafi, a kife ta a rana a kan wani abu mai tsayi, ba a ƙasa inda kaji ke yawo ba. Wadda ta tsage aka ɗinke, a mayar da ita ta awon hatsi, domin ɗinkin nan maɓoya ce. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba su da wurin zama kusa da madara, ko an wanke su sau goma.

Abu biyu ne wuta ba ta iya musu, kuma ya kamata mu faɗe su a fili don kada a ce mun ce tafasawa ta gama komai. Na farko, allurar dabbobi. Yanzu kowa likitan garkensa ne, ana sayen kwalba a kasuwa a yi wa saniya da yamma, da safe a tatse ta a kai talla. Maganin yana fita a madara, yana hana nono kamawa da kyau, kuma shan sa kaɗan-kaɗan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da yaro zai kwanta a ba shi irin maganin ya ƙi aiki. A jikin kwalba akan rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madarar. Wanda bai iya karantawa ba ya tambayi malamin dabbobi ko ɗaya daga cikin masu aikin sa kai. Na biyu, gubar dalma da muka fara da ita. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan da abin ya shafa, Bagega ma an yi nata a 2013, amma haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Kada a bar shanu su yi kiwo ko su sha ruwa a kududdufin da ake wanke duwatsu, kada kuma a shanya ƙwarya inda ƙurar injin niƙan dutse ke sauka.

Ga iyaye mata masu goyo: jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwarsa kaɗai ya ishe shi, ba madarar shanu, ba ruwa. Masu juna biyu su guji ɗanyar madara gaba ɗaya. Idan saniya ta yi ɓari, kada mai ciki ta taɓa, wanda zai ɗauka ya sa leda a hannu, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Yaro kuwa in ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a kama hanyar asibiti, musamman in an ga jini.

Ku masu aikin sa kai, idan kun koma, kada ku shiga ruga da takarda a hannu kamar masu karɓar jangali. Ku gai da ardo, ku nemi izini, ku zauna da mata a lokacin da suke aikinsu, ku sayi nonon ku biya kuɗinsa cikakke. Ku tambayi saniya nawa ta yi ɓari a bana, ku rubuta adadin ba tare da sunan mai ita ba, ku kawo mana a taro na gaba domin mu miƙa wa ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma. Sabulu da ƙyallen tacewa suna wurin matan zumunta a bakin ƙofa, kowace unguwa ta aiko mutum ɗaya ya karɓa bayan addu'ar rufewa. Yanzu kuma fili na masu tambaya ne, za mu fara da iyayenmu mata da ke zaune a gaba.