AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Mai Ƙaramar Sana'a Zai Yi A Gano Shafinsa A Google?

 

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga cikin birnin Kano, daga hannun wani mai sauraronmu, marini a Ƙofar Mata. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce bara ya biya wani yaro ya buɗe masa shafi a intanet, aka zuba hotunan kayansa, amma har yau ko mutum ɗaya bai bugo masa waya ya ce a can ya gan shi ba. Shi da kansa ma in ya nema a Google ba ya ganin shafin. Yanzu kuma ga wani ya zo ya ce in ya ba shi kuɗi zai ɗora shi a sahun farko cikin mako guda. Shi ne yake tambaya, shin sayen wurin nan ake yi? In ba saye ake yi ba, mene ne abin yi?

AMSA: To, Malam marini, mun gode da wannan takarda, domin tambayarka ta shafi dukawa da maɗinka da masu turare da sauran 'yan kasuwa da yawa. Kafin kome, riƙe kuɗinka a aljihu tukuna, ka saurara.

Bari mu fara da abin da ka riga ka sani. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, marinarku ta Ƙofar Mata kuwa tarihinta na komawa ne ga shekarar 1498. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan ana kai su har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. To, in fatake suka shigo gari a wancan zamani, yaya suke gane marinin kirki a cikin lungunan birni? Ai fatoma ke saukar da su, dillali ya yi musu jagora. Shi kuwa dillali yakan kai baƙo ne wurin wanda ya san abin da yake sayarwa, ya san inda yake zaune, ya kuma ji mutane suna yi masa kyakkyawar shaida.

Google ma dillali ne, shi ya sa wasu ke kiransa matambayi ba ya ɓata. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka kafa kamfanin a 1998. Akwai wasu injinan bincike, kamar Bing na kamfanin Microsoft, amma a Nijeriya fiye da kashi 90 cikin 100 na bincike ta Google ake yin sa. Aikinsa hawa uku ne. Na farko, yana da wata manhaja mai suna Googlebot wadda ke zagaya shafuka dare da rana, tana bin mahaɗi daga wannan shafi zuwa wancan. Na biyu, abin da ta karanto sai a adana shi a cikin wani babban kundi. Na uku, idan mutum ya rubuta abin da yake nema, sai a buɗe kundin a jero masa shafukan da suka fi dacewa. Gyara shafi domin ya samu wuri mai kyau a wannan jeri shi ne abin da masana ke taƙaitawa da haruffa uku, SEO.

Dangane da batun saye kuwa, wuri iri biyu ne. Akwai na talla, wanda ke fitowa a sama ɗauke da alamar cewa talla ce. Wannan kam biya ake yi, ana cajin mutum a kan kowane dannawa, ran da kuɗin suka ƙare tallar ta ɓace. Sa'an nan akwai jerin da ke biye, wanda ba a sayarwa, ba a kuma karɓar la'ada a kansa. Kamfanin da kansa ya gargaɗi jama'a cewa babu wanda ke iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Saboda haka mai yi maka alkawarin sahun farko cikin mako guda, ko dai talla zai saya maka bai gaya maka ba, ko kuwa yana shirin yin awon gaba da kuɗinka.

Yanzu ga abin yi, mu bi shi daki-daki.

Abu na farko, ka tabbatar dillalin ya san da kai. Ka buɗe Google ka rubuta site: ka biyo shi da adireshin shafinka ba tare da barin fili a tsakani ba. In shafukanka suka fito, to kana cikin kundi. In ba abin da ya fito, sai a yi wa shafin rajista a Google Search Console, wanda kyauta ne, a miƙa masa jerin shafukanka. Sau da yawa ma mai gina shafi yakan kulle shi daga injin bincike lokacin da yake aiki, ya manta bai buɗe ba. Wannan gyaran minti kaɗan ne, amma yana iya ɓoye mutum shekara guda.

Abu na biyu, kuma nan ne mafi yawan masu ƙananan shafuka ke tuntuɓe, shi ne kalmomi. Za ka ga shafi an rubuta masa "Barka da zuwa" da manyan baƙaƙe, sai sunan kamfani, sai hotuna, shi ke nan. To wa zai zauna ya nemi "barka da zuwa"? Mai saye abin da yake bukata yake rubutawa: rinin shuni a Kano, ko rawani baƙi, ko zanen ɗauri na Ƙofar Mata. Ka zauna da yaranka na karofi ku tuna tambayoyin da masu saye ke yi kullum. Yana zuba in an wanke? Kamu nawa ne? Kuna aikawa Legas ko Maraɗi? Kwana nawa ake yi kafin a karɓa? Kowace tambaya a rubuta ta a shafin tare da amsarta, da irin bakin da ake magana a kasuwa.

Har ila yau, kowane irin kaya a ba shi shafinsa da takensa. Taken nan shi ne layin da mai bincike ke fara gani, kuma in ya wuce kimanin haruffa 60 akan datse shi, don haka a sa muhimmiyar kalma a gaba. Alal misali: "Rawanin shuni, rinin hannu, Ƙofar Mata Kano". Ka ga an faɗi kaya, an faɗi irin aiki, an faɗi wuri.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Mai saye daga Zariya da Hausa zai nema, na Ingila da Turanci, yana rubuta kalmar indigo, na Yamai ko Agadas wataƙila da Faransanci. In kana son dukkansu, a yi wa kowane harshe shafinsa daban, kada a cakuɗa. Google Translate ya fara fassara Hausa tun 2013, amma kada ka dogara da shi kaɗai, ka sami wanda ya iya harshen ya duba. Sa'an nan yawancin mutane in suna rubutu a waya ba sa sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Saboda haka yana da kyau sunan wurinku ya fito ta fuska biyu, Ƙofar Mata a shafin Hausa, Kofar Mata a na Turanci.

Abin da kai kake da shi wanda babban kanti ba shi da shi, shi ne sanin sana'a. Ka bayyana yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini, kwana nawa take yi kafin ta nuna, sau nawa ake tsoma zane a fito da shi ya sha iska kafin ya yi duhu, da yadda ake kai shi mabuga ya yi ƙyalli. Irin wannan bayani na ganau shi ke jawo ɗalibai da 'yan jarida da masu yawon buɗe ido, cikinsu kuwa akwai masu saye.

Abu na uku, waya. Tun 2016 Google ya sanar zai riƙa auna shafuka da yadda suke fitowa a wayar hannu, ya kuma ce ya kammala wannan sauyi a 2023. Tun 2018 ma saurin buɗewa a waya yana cikin abin da ake dubawa. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yana da nauyi, yana cinye wa mai saye data, in ya gaji da jira sai ya tafi wurin wani. A rage nauyin hotuna, a sa wa kowanne suna da ɗan bayani a rubuce. Farashi da lambar waya kuma a rubuta su da baƙaƙe, kada a bar su a cikin hoto kawai. A kuma duba adireshin shafin ya fara da https, alamar tsaro ke nan, wadda Google ke la'akari da ita tun 2014, ana kuma samun takardar shaidarta kyauta daga Let's Encrypt.

Abu na huɗu, wanda ga mutumin cikin birni ya fi kome saurin amfani, shi ne taswira. Ka buɗe Google Business Profile, shi ma kyauta ne, ka sa sunan sana'a da lambar waya da lokacin buɗewa da tashi, har da hutun sallar Juma'a. Za su nemi ka tabbatar wurin naka ne, sau da yawa ta hanyar ɗaukar ɗan bidiyo. Mun san matsalar cikin ganuwa: lungu ba suna a rubuce, gida ba lamba. Baƙon da aka ce ya je Dukawa ko Soron Ɗinki ko Alfindiki sai ya yi ta tambaya. Maganin wannan, ka tsaya a ƙofar wurinka ka dasa alama daidai a taswira, sa'an nan ka kwafi gajeriyar lambar nan da ake kira Plus Code, wadda aka ƙirƙiro domin wuraren da ba su da adireshi, ka sa ta a shafinka. Kada kuma ka raina kwatance irin namu, wato daga Ƙofar Mata a yi kaza, a wuce masallaci kaza. Google ya ce abu uku yake dubawa a binciken kusa: dacewa da abin da ake nema, da nisan wuri, da shahara. Suna da lambar waya su zama iri ɗaya a shafinka da taswira da Facebook da Instagram da WhatsApp.

Abu na biyar, shaidar jama'a. Dabarar da ta ɗaukaka Google tun farko, wadda ake kira PageRank, ita ce ƙidaya mahaɗin da wasu shafuka suka yi zuwa naka a matsayin shaida, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. Hausawa sun ce yabon kai jahilci. Don haka in ɗan jarida ya zo ɗaukar hoto a marina, ko mai kai baƙi yawon gari, ko ɗinkin zamani da ke sayen kayanka, ka roƙe su su sa adireshin shafinka a nasu. Wanda ya saya ya ji daɗi, ka ce ya rubuta ra'ayinsa a taswira. Wanda ya yi ƙorafi kuma a ba shi amsa cikin ladabi, domin masu zuwa daga baya suna karantawa.

Sai gargaɗi. Akwai masu sayar da mahaɗai ɗari-ɗari, da masu rubuta yabon ƙarya, da masu cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi. A da irin wannan wayo yana ci, amma a 2011 da 2012 Google ya fito da gyare-gyare biyu, Panda da Penguin, waɗanda suka durƙusar da shafuka masu yawa da ke yin haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shafin da aka kama yana iya ɓacewa daga jerin gaba ɗaya, yabon ƙarya kuma ana gogewa, har a dakatar da sana'ar daga taswira.

Wani abu kuma, Malam, ka bincika yau ɗin nan: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafinka? Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ke kula da su, kuma haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara. In da sunan yaron da ya gina shafin aka yi, ran da kuka ɓata ko ya bar gari, rumfar ta tafi da shi, duk wahalar da ka sha ta bi ruwa. A mayar da rajistar sunanka, lambobin sirri kuma su kasance a hannunka.

Game da lokaci, Google ya ce akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfanin irin wannan gyara. Kai da ka saba jiran baba ta nuna ba sai an koya maka haƙuri ba. Kowane wata ka leƙa Search Console, zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka, sai ka ƙara bayani a kan abin da aka fi nema. Tun 2024 kuma Google ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman wasu sakamako, ita ma daga shafuka masu bayani a fili take ɗebowa, ke nan shawarar ba ta sake ba.

In kuwa za ka ɗauki mai taimako, ka tambaye shi abu uku: me zai gyara a shafin, wata nawa zai ɗauka, da me za a auna. Wanda ya ce sirri ne ba ya faɗa, ka sallame shi da girma da arziki.

 Allah ya ba da kasuwa mai albarka.