Ina Angulayen Babbar Kasuwa Suka Tafi?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan namun dajin da ke neman ƙarewa, na san wasunku sun zaci zan kawo labarin giwa da zaki. To, akwai giwaye a Yankari ta Jihar Bauchi, kuma suna cikin hatsari, amma na zaɓi tsuntsun da kowa a nan ya sani, kuma ba wanda yake ƙauna, wato angulu.

Duk wanda aka taɓa aika shi sayen nama a Babbar Kasuwa yana yaro, zai tuna yadda angulaye suke jeruwa a kan rumfunan mahauta, suna jiran a jefar da abin da ba a so. Haka a mayanka, haka a bayan gari inda ake yar da mushen jaki. Yau sai mutum ya yi wata da watanni a cikin Katsina bai ga ko ɗaya ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda take lissafa halittun duniya da ke cikin hatsari, ta sa irin angulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Wannan shi ne mataki na ƙarshe kafin a ce an daina ganin halitta a daji.

Wani zai ce, to sai me? Tsuntsu ne mai ƙazanta, Allah ya raka taki gona. A nan ne nake so mu ɗan tsaya. Ƙazantar da muke ƙin angulu saboda ita, aikinta ke nan, kuma aiki ne da take yi mana ba albashi. Cikinta yana da ƙarfin narke ruɓaɓɓen nama tare da kashe ƙwayoyin cuta masu yawa da ke cikinsa, har irin na ciwon saifa da ke kashe shanu. Mushen da zai yi kwanaki yana wari, ƙudaje na hawa suna sauka a kan abincinmu, taron angulaye sukan share shi cikin ɗan lokaci.

Ƙasar Indiya ta ɗanɗana rashinta. A shekarun 1990 makiyayan can suka riƙa yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna dikulofenak. Angulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 90 cikin 100 na angulayen ƙasar suka halaka, kafin gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Mushe ya yi ta taruwa, karnuka marasa iyayen gida suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu sun wallafa bincike a 2024, inda suka ƙiyasta cewa rashin angulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Mu da ke da mayanka a kowane gari da garken shanu a kowace hanya, ya kamata wannan labari ya tsorata mu.

Mu a nan Afirka ta Yamma, babban abin da ke cinye angulu shi ne kasuwa. Ana farautarta ana sayar da kanta da ƙafafunta da ƙwanta ga masu haɗa magani, don neman sa'ar kasuwanci, ko ganin abin ɓoye, ko maganin aljanu. Da ta yi ƙaranci a Nijeriya sai kuɗinta ya hau, aka shiga kawo ta daga Nijar da Chadi da sauran maƙwabta. Yadda ake kama ta shi ne mafi muni: a barbaɗa wa mushe maganin ƙwari na gona, su sauka su ci, su mutu gaba ɗaya. A farkon 2020 an kashe kimanin dubu 2 ta wannan hanya a ƙasar Gini Bisau. Ni ban ga yadda tsuntsun da bai hango gubar da aka zuba masa ba zai hango wa wani arzikinsa, amma wannan na bar wa malamanmu na addini, su da suka daɗe suna jan kunne a kan zuwa wurin boka.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne angulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, kuma sai ta sami dogon itace kafin ta yi sheƙa. Hausawa sun ce angulu ta koma gidanta na tsamiya, to mun sare tsamiyar, mun sare rimin, mun yi gawayi da itacen girki. Ina za ta koma?

Doka kam akwai ta. Tun 1985 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 11 a kan fataucin halittun da ke cikin hatsari, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da Dajin Kogo na jihar nan gandun daji na ƙasa. Sai dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati na san takarda daban, aiki daban, balle ga rashin tsaron da ya hana ma'aikatan gandun daji shiga irin su Dajin Rugu. Angulu kuwa ba a gandun daji take zaune ba, a cikin gari take tare da mu, saboda haka babu mai gadin da zai tsare ta in ba mutanen gari ba.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. A 1996 raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne ragowar irinsu a duniya duka. Aka hana farautarsu, aka jawo manoman wurin cikin aikin, aka taimaka musu da rijiyoyi da bashin sana'a don su haƙura da ɓarnar da dabbobin ke yi a gonakin wake. Adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a Jihar Maraɗi, nan kusa da mu. A nan gida ma gidauniyar NCF tana zama da masu maganin gargajiya don su koma amfani da saiwoyi da ganyaye maimakon sassan angulu.

Shugaban taro, ga roƙona ga wannan ƙungiya. A cikinmu akwai likitocin dabbobi, akwai limamai, akwai 'yan kasuwa masu faɗa a ji, akwai masu aiki a gidan rediyo. A naɗa mutum uku ko huɗu su kai gaisuwa ga Sarkin Fawa da shugabannin masu maganin gargajiya, a zauna cikin mutunci, domin ba faɗa za mu je yi ba, kuma su ne suka san masu kawo kayan. Likitocinmu su ja hankalin makiyaya a kan zuba wa mushe guba don kashe karnuka ko dila. Sa'an nan cikin kuɗin da muke tarawa don gyaran makaranta, a ware kaɗan a sayi dashen tsamiya da maɗaci, a ba kowane aji nasa ya riƙa ba shi ruwa. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar angulu ta duniya, kuma in Shugaban Makaranta ya ba da izini, zan zo da kaina in yi wa ƙannenmu bayani a cikin makon.